Iten, Garin da Mai Jinyar Ƙafa Ke Tsoron Kwalba

Daga Eldoret zuwa Iten tafiyar kusan kilomita 35 ce a ƙaramar bas ta haya, kuma tun kafin a iso gari ake fara wuce su: samari da 'yan mata sirara, ayari-ayari, suna gudu a kan jar turɓaya a gefen kwalta. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400 a bakin kwarin Kerio, cikin gundumar Elgeyo-Marakwet ta Kenya. Mutumin Ƙaraye irina, wanda ƙasarsu ba ta kai ko mita 1,000 ba, hawan matakala kaɗai ya isa ya sa shi haki.

Wani aiki ne ya kai ni Eldoret, amma da gangan na ratse Iten. A gida na bar ɗan wana a Rogo, yaro mai son gudun yada ƙanin wani, yana ɗingishi da ciwon ƙwauri, an kuma haɗo masa ƙwayoyi daga wani kemis da alkawarin zai miƙe cikin mako guda. So nake na ga yadda waɗanda gudu ne abincinsu suke yi idan ƙafa ta ƙi.

Masu ciwo ba sa wuyar samu a nan. Ranar Alhamis da hantsi, sa'ad da taron 'yan gudu ke fita atisayen da ake sauya sauri da sassarfa, za ka gan su a baya can, wasu na tafiya, wasu a kan keke. Ciwon nasu bai wuce agara da gwiwa da tsagewar ƙashin ƙwauri ba, wadda yawan dukan ƙasa ke jawowa a hankali ba tare da mutum ya faɗi ba. Irin wannan tsagewa takan ci mako shida zuwa takwas babu gudu sam. Mai hali ya biya kuɗi a sansanin da Lornah Kiplagat ta kafa a 1999, ya shiga ninƙaya da ɗakin motsa jiki don kada numfashinsa ya zube. Marar hali, kuma su suka fi yawa, sai hutu da mai tausa. Masu tausar Iten ba su san lallashi ba. Na ji ƙato yana kuka a bayan labule.

Ranar dawowa ita ta fi ba ni mamaki. Wani mai horarwa ya nuna min wata budurwa da ta taɓa cin tsere a Turai, tana gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, yaran firamare suna wuce ta. Ya ce haka za ta yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan na tsawon makonni, domin huhu yakan riga ƙashi warkewa, ya ruɗi mutum ya koma ya sake tsagewa. Babu wanda ya yi mata dariya. A filin makarantar sakandare ta garinmu da tuni an sa mata suna.

Da na kawo zancen gwangwanayen gina jiki, sai hira ta yi sanyi. Suna amfani da wasu, ba su ɓoye ba: ƙwayar ƙarin jini idan gwajin asibiti ya nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe, musamman ga mata, da ruwan sukari da gishiri da ake kurɓa a tsakiyar dogon tsere. Eliud Kipchoge ma da irin wannan ruwa na kamfanin Maurten ya yi gudun yada ƙanin wani cikin 1:59:40 a Biyana a 2019. Amma kwalbar da ba a san asalinta ba, gudunta ake yi. Dokar WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, ta ce duk abin da aka samu a fitsarin ɗan wasa shi ke da alhakinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Wani bincike da kwamitin Olamfik ya ɗauki nauyi a farkon shekarun 2000, a ɗakin gwaji na Kolon a Jamus, ya duba kayayyaki 634, ya samu kusan kashi 15 cikin 100 ɗauke da sinadaran haramun da ba a rubuta a jikin gwangwani ba.

Kada a ɗauka garin waliyyai ne. Kenya na cikin rukunin ƙasashen da aka fi sa wa ido kan ƙwayoyin ƙara kuzari, ta kuma kafa hukumarta ta ADAK a 2016 bayan abin kunya ya yi yawa. Jemima Sumgong ta ci zinare a gasar Olamfik ta Riyo a wannan shekarar, aka kama ta da haramtaccen sinadarin EPO a 2017. Diana Kipyokei ta ci tseren Boston na 2021, aka gano triamcinolone a jikinta, allurar da ake yi wa ciwon gaɓa, aka ƙwace kambun aka dakatar da ita shekara shida. A ganina lokacin jinya ne ƙofar da wannan bala'i ya fi shigowa ta ciki: kuɗi sun tsaya, iyali na jira, ga wani ya zo da allura yana cewa mako biyu kacal.

Abincin da suke jinya da shi kuwa, duk muna da shi. Ugali tuwon masara ne mai tauri, sai ganye, wake, ƙwai, shayi da madara mai yawan sukari, da nonon da ake tsamar da shi a cikin ƙwarya. Masarar Rogo, waken Ƙaraye, zogale, nonon rugagen Fulani da kifin madatsar Challawa ba su gaza wannan da komai ba. Ko goro bai haramta ba, tunda an cire sinadarin kafin da ke cikinsa daga jerin haramtattu tun 2004. Tramadol kuwa, wanda wasu samarinmu ke haɗiya kafin gudun tantance shiga soja ko wasan ƙwallo, an haramta shi a lokacin gasa daga 1 ga Janairun 2024. Illarsa ga mai ciwo ta fi ta dokar: yana kashe zafin da zai ce maka ka tsaya, ka ci gaba da taka ƙashin da ya tsage.

Abin da ba mu da shi a Ƙaraye shi ne tudun, da kuma mutum irin Colm O'Connell, malamin Ailan da ya zo makarantar St Patrick's da ke Iten a 1976 don koyar da labarin ƙasa, ya zauna har ya rena zakaran gudu David Rudisha. Tudu akwai shi a Filato, shi ya sa 'yan gudun can ke yawan cin kyaututtukan 'yan gida a tseren Legas da aka fara a 2016. Turɓaya mai laushi kuwa tana nan shimfiɗe daga Ƙaraye har Kusalla, inda sansanin masu yi wa ƙasa hidima yake, ga kuma sanyin hunturu. Da na gaya wa mai horarwar nan cewa bajintar Abbas Mohammed ta 2:16:06 a gudun yada ƙanin wani a 1990 ta shafe fiye da shekara 30 ba a karya ta ba a Najeriya, sai ya tambaye ni shekarun ɗan wan nawa, da ko akwai wanda ke riƙe masa agogo.