Wuro Patuji Da Motocin Da Ke Hawan Duwatsun Mubi

Garin Mubi yana zaune ne a gindin duwatsun Mandara, Kogin Yadzaram ya ratsa shi, iyakar Kamaru kuwa tana nan kusa ta wajen gabas. Wannan yanki bai haɗe da Nijeriya sosai ba sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba-gardama, sa'ad da aka sa masa suna Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Wuro Patuji ɗaya ce daga cikin unguwannin garin, kalmar "wuro" kuwa ta Fillanci ce, watau gari ko unguwa. An fi sanin ta da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya masu kama haya a cikinta, kuma jama'a ba su manta da daren nan na farkon Oktoba 2012 ba, wanda 'yan bindiga suka kashe mutane masu yawa a can, galibinsu ɗalibai.

Baƙon da ya zauna bakin hanya a unguwar da hantsi, abin da zai fara ɗaukar masa ido shi ne tsayin motocin da ke wucewa. Ga Hilux, ga tsohuwar Land Cruiser, jefi-jefi har da akori-kura ta Peugeot 504, duk an ɗaga su sama kamar zalɓe. Ba ado ba ne. Da zarar mota ta bar kwalta ta nufi ƙauyukan da ke wajen Gella ko Sahuda ko Maiha, sai gargada da duwatsu da kwazazzabai, da damina kuma ga laka. Motar da ta kwanta da buhunan masara da wake, cikinta zai riƙa dukan ƙasa. Saboda haka makanikai sukan ƙara mata ganyen sifirin ɗaya ko biyu, ta miƙe.

To, a nan ne direbobi da yawa ke yin asara. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Aikin shokozoba kawai shi ne hana mota tsalle, ta hanyar matsa mai ya bi ta waɗansu 'yan ƙananan kafofi a cikin bututunta. Idan aka ɗaga mota aka bar mata shokozobarta ta asali, ta zama gajera ke nan. Duk sa'ad da taya ta faɗa rami sai ta miƙe iyakar miƙewarta da ƙarfi, ba da jimawa ba ta fara yoyon mai, ko ma ta tsinke kunnen da aka ɗaura ta. Wadda ta cika tsawo kuma ita ce za ta riƙa shan dukan in an yi lodi. Ƙwararren bakanike ba ya tambayar sunan mota kaɗai. Yakan ɗaga ta da jak har tayar ta yi reto ya auna, ya sake aunawa tana ɗauke da kaya, sa'an nan ya aika yaro kanti da awon a hannu. Yakan duba igiyar birki ma, domin ita ma ɗagawar tana ja ta, kuma tsinkewarta a gangaren dutse ba abin da ake ba da labari ba ne.

Kanti kuwa akwai sabuwa cikin kwali, mai suna irin su KYB ko Monroe, akwai jabu mai kwali iri ɗaya, akwai kuma ta hannu wadda aka ciro daga motocin ƙetare. Mai iskar gas ta fi dacewa da doguwar gargada, don iskar tana hana man yin kumfa in ya yi zafi. Mai zallan mai ta fi laushi da araha, amma takan saki jiki a tsakiyar tafiya. Kowacce aka zaɓa, bibbiyu ake canjawa, dama da hagu. Mai canja ɗaya don tsimi, motarsa za ta riƙa karkata a kwana, alhali ɗagawar ta riga ta sa kifewa ta yi mata sauƙi.

Sai bushin, 'yar robar nan da ke cikin idon sifirin da na shokozoba, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma in ta cinye sai ƙarfe ya ci ƙarfe, a ji ƙwanƙwasa, taya ta soma cin gefe. Wasu sukan yanka ta daga tsohuwar taya, takan kuwa kai mutum gida, ba ta dai daɗewa. Mai tauri irin ta leda ta fi ƙarko, sai dai tana son giris kuma tana isar da kowane dutse har ƙugun fasinja. Masana aikin ba sa ƙarasa ɗaure notin bushin roba sai an sauke motar daga jak ta tsaya bisa tayoyinta, don in an ɗaure tana reto, robar a murɗe za ta zauna, ta yage kafin damina ta ƙare.

Bayan an gama, yaron gareji yakan danna bayan motar da dukkan ƙarfinsa ya saki. In ta taso ta tsaya cik, direba ya biya ya nufi wurin lodi. In ta ci gaba da rawa, a sake kwance ta.