Sai da Muka Kai Shekara 40 Muka San Sunansa

Masu karatu, mu tagwaye ne, mata, an kuwa haife mu bakwaini. Tun muna ƙanana hannuwanmu da ƙafafunmu ba su yi mana biyayya kamar na sauran yara. Ba mu taɓa kai tulun ruwa gida a cike ba. A wurin gaɗa kullum tafinmu yana bayan na tsaranmu. Idan muna daka a turmi ɗaya, sai taɓarya ta bugi taɓarya. A makaranta mukan san amsa sarai, amma kafin mu kwafe layi 3 malam ya share allo. Waɗansu suka ce ganganci ne, waɗansu suka ce ƙyuya, waɗansu kuwa suka ce ai halin tagwaye ke nan. Da haka muka yi aure, kowace da surukar da ke ƙirga mata tangaran da ta fasa.

Yaro ne ya sa muka tashi neman sani. Ɗan ɗayarmu, mai shekara 8, ba ya iya sa maɓallin rigarsa, ana kuma yi masa bulala saboda munin rubutu. Wata malamar asibiti da muka yi wa kukan ta ambata mana kalmar da ba mu taɓa ji ba, watau disfiraksiya. Tana bayani a kan yaron, mu kuwa muna duban juna.

Ga abin da yake. Jiki yana da ƙarfinsa, hankali kuma lafiya lau, amma ƙwaƙwalwa tana wahalar shirya motsi daki-daki, ta aika wa gaɓoɓi a kan kari. A 1987 likitocin Amurka suka sa shi cikin littafinsu na gane cututtuka, da suna mai ma'anar matsalar daidaita motsi tun daga ƙuruciya. Masana sun ce yara 5 ko 6 cikin 100 suna da shi, ya fi yawa ga maza, da kuma bakwaini irinmu. Dā ana tsammani yaro yakan bar shi in ya girma. Yanzu an gane da yawa suna shiga girma da abinsu.

To, babba ya nemi a duba shi, nan aikin yake. Likitan da muka fara gani ya yi murmushi ya ce wannan zancen yara ne, mu da muka haifi 'ya'ya me muke nema? Muka nace har ya ba mu takarda zuwa babban asibiti. Can muka koyi cewa gwajin jini ba ya nuna shi, hoton kai ma haka. Likitan jijiyoyi ya fara tabbatarwa ba wata cutar ƙwaƙwalwa ko ta tsoka ba ce, aka kuma auna idanunmu. Sa'an nan aka sa mu tsayawa da ƙafa ɗaya, da tafiya a kan layi, da cafe ƙwallo, da rubutu ana duban agogo. Ku dubi matan aure biyu suna bin ƙwallo ƙarƙashin tebur! Aka yi mana tambayoyi masu yawa a kan girki, da sa tufafi, da hawan keke, da yadda muke jere ayyukanmu na yini.

Abin da ya fi nauyi kuwa shi ne shaidar ƙuruciya, gama ba za a ce disfiraksiya ce ba sai in ta faro tun mutum yana yaro. Sai muka kawo Inna daga ƙauye. Ta faɗi yadda muka makara wajen tafiya, da yadda cokali ya riƙa kuɓuce mana, da tabon da ke gwiwoyinmu ɗaya ɗaya. Da ta gama ta ce, “Ashe ba da gangan kuke yi ba.” Ɗayarmu ta yi kuka, ɗayar kuwa ta yini ba ta ce uffan ba. Duk wanda zai bi wannan hanya, ya hanzarta tun iyayensa ko yayyensa suna da rai, ya kuma nemo tsofaffin littattafansa na makaranta in suna nan.

Babu ƙwaya ko allura da ke warkar da shi. Waɗansu 'yan'uwa sun ce mun ɓata kuɗin mota a banza, tun da ba magani. Mu ba mu yarda ba. An koya mana mu rarraba aiki kashi-kashi, mu zauna in za mu yi yanka, mu bar cika tukunya, mu ajiye kowane abu a wurinsa. Mazajenmu sun karanta takardar likita, faɗa ya ragu a gidajen biyu. Mun kuma kai wa shugaban makarantar yaron bayani, ya hana a taɓa shi saboda rubutu, ana ƙara masa lokaci a jarrabawa. A watan gobe za a duba shi, uwarsa ce za ta ba da shaida.