Karen makiyayi da kaluluwa

A wani ƙauye kusa da Dakwaro akwai wani makiyayi mai awaki da tumaki. Yana da kare guda, ja, mai kwana bakin garke. Shekara 4 dila bai ɗaukar mishi ko ɗan akuya guda ba.

Da damana ta yi tsaka, sai karen ya sake. Ya bar bin bisashe daji, sai kwanciya ƙarƙashin rumbu. In an zuba mishi tuwo, ya sunsuna ya bari. Makiyayin ya ce: "Lalaci ne, zai tashi." Cikin sati guda dila ya shigo sau 2, ya tahi da ƴan awaki 2. Karen na ji, amma ko haushi bai yi ba.

Ɗan makiyayin ne ya gano abin. Ya shahwa wuyan karen, ya ji ƙulli ƙarƙashin muƙamuƙi kamar goro. Da sunka laluba, sai ga wani gaban kahwaɗa, ga wani bayan gwiwar ƙahwar baya. Kaluluwa ce. Kunnuwa cike da kaska, har tsakanin yatsu. Dasashinshi ya yi hwari, jikinshi da zahi.

Wani maƙwabci ya ce a yi mishi sakiya. Wani ya ce a ba shi ƙwayar ciwon kai ta mutane. Makiyayin ya tuna da awakin da ya rasa. Ranar kasuwa ya aza karen bisa amalanke, sai gidan likitan dabbobi. Mutane na ta dariya: wa ya taɓa kai kare likita?

Likitan ya nuna mishi cewa kaluluwa ba ita ce cutar ba, alama ce. In guda ce ta kumbura, a dubi miki kusa da ita. In sun kumbura wuri da yawa, cutar ta game jiki. Kaska na zuba ƙwayar cuta cikin jini, sai bayan sati 1 zuwa 3 kare ya hwara kasala, wani har da haɓo. Karen da ya bi shanu kudu, inda ƙudan tsando yake, yana iya ɗauko sammore, idonshi ya yi hwari. Ga tsohon kare kuma, yana iya zama ciwon daji. Sakiya ba ta maganin ko guda cikinsu, ƙwayar ciwon kai ta mutane kuwa tana iya kashe kare.

Anka ba shi magani na kwana 28. Kwana kaɗan karen ya koma cin abinci, amma makiyayin bai tsaida maganin ba sai da ya ƙare. Ya cire kaska duka, ya zuba su wuta. Ya yaɓe tsagar bango, don nan kaskar kare ke ɓuya. Kahin kaka, karen ya koma bakin garke.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kare mai gadi ma'aikaci ne marar albashi. A riƙa duba kunnuwanshi da wuyanshi kowane sati. Amma a kiyaye: karen da ke dalala yana cizon kome, kada a taɓa shi, yana iya zama haukan kare. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tahi likita ranar nan.