Wa Ake Ƙera wa Mota Yanzu?

A wata unguwa ta birnin Maraɗi, ba nisa da babbar kasuwa, akwai wani dattijo wanda ya yi shekara talatin da ƴan kai yana aikin gwamnati kafin ya yi ritaya. Maƙwabta sun san shi da abu guda. Duk ranar Lahadi, da an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, sai ya fito da tabarma da akwatin ƙarafuna, ya ɗaga murfin injin motarsa, ya sunkuya a kai kamar mai karatun allo. Motar Peugeot 504 ce, fara, ƙirar Kaduna. Ya saye ta tun ƴaƴansa suna lakwal, ga shi yau jikokinsa ne ke miƙo masa sifana. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Yakan cire buji ya duba launinsa, ya hura shi, ya mayar. Yakan tada injin, ya ɗora tafin hannu bisa ƙarfen, ya yi shiru. Wanda bai sani ba sai ya ce tsufa ne. Wanda ya sani ya san cewa mutumin nan yana jin abin da injin ke faɗa.

Son mota bai same shi da tsufa ba. A 1987 yana aiki a Agadas, lokacin da tseren Paris-Dakar ke ratsa ƙasar nan kowace shekara, ta Tenere da Ayar. Ya ga ƙaramar Peugeot 205 rawaya wadda Ari Vatanen, mutumin Finlan, ya ci tseren da ita a shekarar. Abin da ya tsaya masa a rai ba gudun ba ne. Da dare, a wurin da aka yada zango, ya ga makanikai sun kwance motar gunduwa-gunduwa a hasken fitila, kafin asuba sun mayar da ita. Ya lura kuma cewa tambarin zakin da ke goshinta shi ne dai a goshin bashen da ke kai gero kasuwar ƙauye. A wancan zamani kamfani kan yi tsere don ya ce wa mai saye: hannun da ya ƙera wannan shi ya ƙera taka. Kuma da gaskiya a maganar. 504 ɗin da ƴan tasha ke lodi, ita ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, ta kuma ci na Bandama a Kodebuwa a shekarar.

An fito da 504 a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta fiye da shekara ashirin bayan haka. Ba a ƙera ta don masu son mota ba. Motar iyali ce, ta likita da malamin makaranta. Sai dai an yi ta a buɗe: injin a gaba, ƙarfi a tayoyin baya, karbiratar da ake daidaitawa da kunne da ɗan sukundireba, ga fili tsakanin injin da jikin mota wanda hannun namiji ke shiga har gwiwar hannu. Mota irin wannan ita da kanta ke koya wa mai ita son ta.

Shi dattijon nan, tilas ce ta kammala masa karatun. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kayan gyaran da ake kawowa daga Faransa suka ninka kuɗi a dare ɗaya, ga albashi yana yin watanni bai fito ba. Duk ma'aikacin da ya ga shekarun nan bai manta ba. Da yawa suka ɗora motocinsu bisa duwatsu, kaji suka yi ta ƙwai a cikinsu. Shi kuwa sai ya koma almajiri a garajin wani tsohon makanike, bayan an tashi daga aiki, har ya iya sauke injin da kansa. Tun daga lokacin bai sake kallon motar a matsayin dukiya ba. Ta zama kamar dokin da mutum ya yi jinya da hannunsa.

A bara babban ɗansa, wanda ke fatauci tsakanin Lome da Maraɗi, ya shigo gida da wata doguwar kat-kat baƙa, mai sheƙi, wadda ba ta wuce shekara huɗu da fitowa ba. Ya miƙa wa uban makulli, ko abin da ya maye gurbin makulli, ya ce: «Baba, ka wahala ya isa. Ga wannan, ka huta da waccan.» Tsohon ya sa masa albarka yadda ya kamata. Ya shiga, ya nemi wurin taka kuloci, ƙafarsa ta hagu ta taka iska. Ya nemi giya, ya tarar da ɗan maɓalli. Ya fito ya ɗaga murfin injin, sai ya ga wani murfin na roba, baƙi, ya rufe kome. Ya daɗe yana kallo, sa'annan ya ce a hankali: «Ɗana, ina aka sa injin?»

Wata biyu bayan haka, a hanyar Tasawa, wata fitila ta kunnu a gaban direba, motar ta rage gudu da kanta, ta ƙi wuce tafiyar jaki mai kaya. Babu hayaƙi, babu ƙara, babu ɗigon mai. Mutumin da ya iya gano ciwon injin daga bakin ƙofar gida ya tsaya a gefen kwalta, akwatin ƙarafunansa a hannu, bai san inda zai sa sifana ba. Sai da aka yi kwana uku aka samo wani yaro mai ɗan akwatin kwamfuta, wanda makanikai ke kira baliz. Ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta lamba, ya ce wata ƴar na'ura ce mai auna hayaƙi ta mutu. Ba a gyara ta, sai dai a sake. Aka yi sati uku ana jiran ta daga waje. Abin da ya ci wa tsohon rai ba kuɗin ba ne. An ƙera motar ne yadda ba za ta yi magana da shi ba.

Daga nan ya shiga tambayar duk wanda ya san Turai: shin masu ƙera motoci sun manta da masu son mota ne? Amsar da ya tattara, daga jaridu da bakin matafiya, ba ta zo masa yadda ya zata ba.

Ba su manta ba. Akwai ma waɗanda suka dage. Mazda tana ƙera MX-5 tun 1989, ƙaramar mota mai kujera biyu, marar nauyi, wadda ba ta da wani amfani sai daɗin tuƙi, kuma a 2016 ta cika miliyan ɗaya. Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin motocin Toyota, yana shiga tsere da kansa da sunan Morizo, kuma a zamanin shugabancinsa aka dawo da Supra a 2019, aka fito da GR Yaris a 2020. Porsche ta taɓa cire giyar hannu daga 911 GT3, masu saye suka yi ca, ta mayar da ita a 2017. A 2023 ta fito da wata 911 da ake kira S/T, giyar hannu zalla, guda 1,963 kacal a duniya duka. A nan ne tsohon ya yi dariya. Abin da kowane direban tasha ke da shi kyauta, sanda a hannun dama da ƙafa uku a ƙasa, shi ne yau ya zama kayan ƙawa, ana ƙidaya shi, attajirai na layi a kansa, da kuɗin da zai gina gidaje a Yamai.

Wanda aka yi wa asara shi ne mai son mota na tsaka-tsaki, ɗan albashi. A da kowane kamfani na da ƙaramar mota mai zafi wadda matashin ma'aikaci zai iya tara mata kuɗi: Golf GTI daga 1976, 205 GTI daga 1984, wadda nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Wannan layin ne ya tsinke. Renault ta rufe littafin Mégane RS a 2023. Ford ta daina Fiesta gaba ɗaya a shekarar, har da mai zafinta. A madadinsu sai dogayen motoci masu kama da kat-kat, waɗanda a 2023 suka haura rabin sababbin motocin da aka sayar a Turai, alhali mafi yawansu ba su taɓa taka yashi ba. Har gidajen da aka sani da tsere sun bi: Porsche tun 2002 da Cayenne, Lamborghini da Urus a 2018, Ferrari da Purosangue a 2022.

Adalci dai shi ne a ce ba rowa ce kaɗai ta jawo haka ba. Daga 2020 zuwa 2024 Tarayyar Turai ta ɗora wa kamfanoni iyaka: matsakaicin hayaƙin motocinsu kada ya wuce giram 95 a kilomita. Kowane giram da ya hau, tarar yuro 95 ce a kan kowace motar da aka sayar, wato jikka 62 da ƴan kai. Ɗan kasuwa ya san lissafin nan ba sai an yi masa bayani ba: motar da ake sayar da kaɗan, mai shan mai da yawa, ita za a fara yankewa. Faransa kuma ta ƙara nata harajin a kan mai saye. A 2024 ya kai yuro 60,000, kusan miliyan 39 na sefa, kuma ya faɗa har kan Toyota GR86, wadda harajin ya fi kuɗinta. Ga dokokin kare rai, su ma da nauyinsu: tun Yuli 2024 kowace sabuwar mota a can sai da na'urar da ke gargaɗin direba in ya wuce gudun da aka ƙayyade. Tsohon bai yi musun wannan ba. Ya yi jana'izar abokai da yawa da hanyar Damagaram ta ci, ya san cewa 504 ba ta da jakar iska, kuma ƙarfenta mai kauri ba ya hana ƙirji dukan sitiyari. Motar ɗansa ta fi tasa tsaron rai, ta fi ta sanyi, ta fi ta tattalin mai. Yakan faɗi haka da bakinsa.

Amma akwai abin da bai samu a duk lissafin ba. Da kamfanoni suka ce «mai son mota», suna nufin mai son gudu, mai son ƙarar injin, mai aljihun biya. Wannan ana yi masa hidima, har da ladabi. Ɗaya mai son motar, wanda sonsa ke cikin yatsunsa, wanda ke son ya buɗe, ya gane, ya gyara, shi babu shi a takardar kowa. Ba ya kawo riba. Hasali ma asara yake jawowa, domin motarsa ba ta mutuwa. Yadda kamfanoni ke kallon mai mota yanzu ya fito fili a 2022, lokacin da BMW ta fara neman kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ta kunna ɗumin kujera, alhali wayoyin na nan cikin kujerar da mutum ya riga ya biya. Surutu ya yi yawa, ta janye a 2023. Amma tunanin ya nuna kansa: ka saya, ka biya duwan, takardu na sunanka, makullin ciki kuwa yana hannun wani.

Motar da ta rage mai kama da zuciyarsa ita ce Land Cruiser 70, wadda Toyota ke ƙerawa tun 1984 ba tare da ta sauya mata siffa sosai ba. Sai dai ita ma ba don shi ake yin ta ba. Ana yin ta ne don masu haƙar ma'adinai, da sojoji, da ƙungiyoyin agaji, masu biya da kuɗin kasafi. Ya taɓa tambayar farashin sabuwa a Yamai, bai sake tambaya ba. Mu kuwa a nan, da ma ba a taɓa tambayarmu ba: abin da Turai ta saya yau shi zai sauka Lome da Kwatano bayan shekara goma. In sun daina ƙera mai giyar hannu, wata rana za ta ƙare a tasoshinmu, kuma dubban makanikan da ke cin abinci da kunne da sifana za su tsaya inda tsohon ya tsaya a hanyar Tasawa.

Kwanan baya wani mai sayen tsofaffin motoci ya zo har gida. Ya zagaya 504, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce zai saya don ya kwance ta ya sayar da kayan, tun da yanzu kayanta sun fi ta daraja. Ya faɗi kuɗi masu kauri. Ɗan ya matsa kusa ya ce: «Baba, ka karɓa. Bana ka sha wuya kafin ka samu famfon ruwa, baɗi ma ba za a samu ba.» Tsohon ya san gaskiya ɗan ya faɗa. Ya ce a ba shi zuwa bayan Juma'a.

Ranar Lahadi ya fito da tabarma kamar kullum. Jikarsa mai shekara goma sha ɗaya ta biyo shi da akwatin. Ya tada injin, ya kama hannunta ya ɗora bisa ƙarfen, ya ce ta rufe ido. Can ta ce: «Kaka, akwai guda da ke tsallake.» Ya kashe motar, ya cire buji na uku, ya ɗaga shi a hasken rana. Baƙi ƙirin. Ya miƙa mata, ya nuna mata inda ake gogewa. Mai sayen ya aiko yaro da hantsi a ji amsa, aka ce masa maigida na aiki, ya dawo wani lokaci.