A Tudu Ake Koyon Ruwa

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba irin wanda kuka saba gani a littattafaina. Wani ɗan abu ne ya faru a tsakar gidana nan Talata Mafara, ya hana ni barci kwana da kwanaki, na ga ya dace in ba ku labarinsa ko wata za ta tsinci abin amfani a ciki.

Wata ranar Laraba bayan la'asar ina ɗaki ina gyaran rubutu, sai na ji ƙwaram a tsakar gida, dariya ta biyo baya. Na fito da sauri, sai ga ɗana Nura, ɗan shekara 13, zaune a ƙasa yana murza gwiwar hannu, ƙannensa sun kewaye shi. A gefe ga guntun katakon tsohuwar ƙofar kicin an ɗora shi a kan guntun fayif na roba, irin na masu noman rani. Kafin in buɗe baki ya miƙe ya sake hayewa, ƙafa ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan, katako na rawa, shi kuma yana ta fuffuka da hannuwa.

Na ce, "Kai Nura, wane sabon shirme ne wannan?"

Ya ce, "Inna, koyon hawan igiyar ruwa nake yi."

Ya ruga ya karɓo wayar ƙanin babansa ya nuna mini. Wasu samari ne a Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas, kowa tsaye a kan dogon allo, igiyar ruwa ta taso kamar katanga ta ɗauko su har gaɓa ba su faɗi ba. Wai in ba sa cikin ruwa, da irin wannan katako masu wasan ke horar da ƙafafunsu. Da farko dariya ta kama ni. Yaron da ko Gusau sau biyu ya taɓa zuwa, ina shi ina teku, inda sai mutum ya kwana a hanya kafin ya isa? Amma dariyar ba ta kai ko'ina ba gabana ya faɗi, don kalmar ruwa na ji a bakinsa. Na fizge katakon na jefa cikin itacen girki, na ce in na ƙara ganinsa a kai sai ransa ya ɓaci.

Dole in gaya muku dalili, kada ku ce ni muguwar uwa ce. A daminar 2004, ina 'yar shekara 12, yayana Sani ya shiga kwale-kwale zai dawo daga gona ta hayin ruwan Bakolori. Iska ta taso, wata mata ta firgita ta miƙe tsaye, kowa ya karkata gefe guda, jirgi ya kife. Shekararsa 19. Sai bayan kwana biyu aka samo shi. Allah Ya jiƙansa. Tun ranar na ɗauki alkawari a raina, duk ɗan da Allah Ya ba ni ko wanki ba zai je bakin ruwa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Mu fa asalinmu mutanen tudu ne, ruwa ne ya zo ya same mu. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya tare kogin Sakkwato, aka gama ginin madatsar Bakolori a 1978, ruwa ya kwanta a kan gonakin mutane da dama a yankin Maradun. Manya har yau suna ba da labarin rikicin diyya na watan Afrilun 1980, wanda aka rasa rayukan manoma a cikinsa. To ga tafki a ƙofar gida, ga hanyoyin ruwa sun ratsa gonaki har wajen Bakura, amma yawancinmu ba mu gaji ruwa ba, ba mu kuma koya wa 'ya'yanmu ba. Abin da muka iya kawai shi ne, "Kada ka je."

Ranar Talata ta zagayo, Kawuna ya shigo cin kasuwa ya biyo ta gida. Shi ne a danginmu da ruwa ya cinye gonarsa ya bi Sarkawa ya koyi su, yau ya haura shekara saba'in. Ya tarar da Nura a zaure ya haɗa rai, ya tambaye shi, yaro ya kwashe duka ya faɗa masa. Sai ga shi ya shigo.

Ya ce, "Ɗiyata, mi yaron ga yay yi maki?"

Na ce, "Kawu, ka fi kowa sanin abin da ruwa ya yi mana."

Bai ce komai ba. Ya sa aka zaro katakon daga cikin itace, ya tuɓe takalmi, ya naɗe riga, ya haye. Wallahi 'yan uwa, tsoho ya tsaya cak kamar an dasa shi. Fayif na motsi a ƙasa, gwiwoyinsa na karɓa, amma daga ƙugu zuwa sama ko gezau, har yana tambayata lafiyar maigidan. Da ya sauko ya ce, "Na ga ranar da Sani ya tahi, da ni aka neme shi. Da mutanen jirgin nan sun san yadda aka zama in jirgi ya yi rawa, da wataƙila wani zance aka yi. Ajali ba ya wuce ranarsa, amma bar yaro shi hwaɗi nan bisa ƙasa, inda za ya tashi shi kakkaɓe."

Na shige ɗaki na yi kuka mai isata. Shekara ashirin ina jin haushin ruwa, ban taɓa tsayawa na tambayi yadda jirgi ke kifewa ba.

Washegari ni da kaina na aika wurin kafinta. Kawu ya ba da awo: katako mai kauri wanda ba ya lanƙwasa, tsawonsa kamu biyu, faɗinsa taƙi ɗaya da rabi, a goge bakinsa kada sartse ya shiga ƙafa. A ƙarƙashi, can ƙarshen kowane ɓangare, aka buga ɗan guntun katako a gicciye. Wannan shi ne mafi muhimmanci, don shi ke tare fayif kada ya fice ya yi jifa da yaro, kuma rashinsa ne ya kayar da Nura ranar farko. Fayif ɗin muka cika shi da yashi muka toshe bakinsa biyu, ya yi nauyi, ya daina gudu. Wanda ba shi da fayif, guntun gungume mai santsi ya wadatar. Ba a yi a kan siminti. A kan rairayi ake ɗorawa, ko a shimfiɗa tsohon bargo, a kawar da turmi da murhu da duk abin da kai zai iya bugawa, mai koyo kuma ya fara da riƙe hannun wani ko dafa bango.

Dokokin Kawu uku ne: buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, sassauta gwiwa, kada ka kalli ƙafarka, kalli wani abu can gabanka. Ƙanwata da ke aikin jinya ta ƙara mini haske. Ta ce abu uku ke riƙe mutum a tsaye: ido, da wani ruwa da Allah Ya sanya can cikin kunne mai gaya wa ƙwaƙwalwa in kai ya karkata, da kuma jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi. In ana yawan gwada su sai su saba, jiki ya riƙa gyara kansa tun kafin mutum ya yi tunani. Mai tsoro kuwa sandarewa yake, wanda ya sandare shi ke fara faɗuwa.

Da na bincika sai na tarar abin ma ba baƙo ba ne a wajenmu. Wani Ba'amurke matuƙin jirgin sama, Stanley Washburn, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ga yara a ƙasar Gana ta yanzu suna wasa da katako a kan gungume. Ya koma gida ya ƙera irinsa, a shekarun 1950 ya fitar da shi kasuwa da sunan Bongo Board. Kun ji, wasan yaranmu ne ya je ya dawo da tsada. Shi kuwa hawan igiyar ruwa, a 2021 aka fara yinsa a gasar Olamfik a Japan. A Dakar ta ƙasar Senegal har akwai mace, Khadjou Sambe, 'yar gidan masunta, da ta yi suna a kansa. Da Hafsatu 'yar shekara tara ta ji haka, ta ce ita ma a ba ta layi. Yanzu ta fi yayanta daɗewa a kai.

Kada in ɓoye muku, ni ma na hau. Da dare ne, yara sun yi barci, na ɗaure zani tamau na haye. Ban kai ƙirga uku ba na ji ni a ƙasa. Maigida ya leƙo yana dariya ya ce, "Marubuciya, wannan babin fa a wane littafi zai fito?" To ga shi ya fito.

Sai dai a yi hattara. Katako ba ya koya iyo, ba ya kuma hana jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima nutsewa. Ba mu manta da Gummi ba, inda a watan Satumban 2024 kwale-kwale ya kife da manoma masu zuwa gona, aka rasa mutane da yawa. Rigar kariya ta shiga ruwa da rage lodi, babu abin da zai maye gurbinsu. Abin da katakon ya yi a gidana shi ne ya buɗe ƙofar da na rufe shekara ashirin. Bayan wata biyu na yarda Kawu ya kai Nura da Hafsatu inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ya fara koya musu iyo. Ina bakin gaɓa zaune, carbi a hannu, zuciya na dukan uku-uku, amma ban kira su ba.

Ko Nura zai ga teku wata rana, Allah ne masani. Abin da na tabbata shi ne zai shiga kwale-kwale, ko ina so ko ba na so, don ɗan wannan yanki ne: ga gona a hayi, ga biki, ga ta'aziyya. Ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yar uwa, in kin ga ɗanki yana gwada wani abu da ya tsorata ki, kafin ki ɗaga murya ki tambayi wanda ya san abin. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare su a tudu da ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.