Lib da Liib

Yau laifina zan faɗa muku.

A ajinmu na yaƙi da jahilci Hausa muke koyo. Amma bayan an gama girbi, samari da yawa suna tafiya cin rani Najeriya. Sukan roƙe ni in koya musu ɗan Ingilishi. Ni ma kaɗan na samu a makarantar horar da malamai, Faransanci ya fi zama a bakina.

Akwai wani ɗalibina, magidanci mai ƴaƴa 3. Na koya masa live, wato zama a wuri. Na koya masa leave, wato barin wuri. Duka biyun "lib" na riƙa ce masa, don gaggawa.

Ya sauka Legas, ya samu aikin gadi. Maigidan ba ya jin Hausa. Ran nan ya nuna masa wani ɗaki kusa da ƙofa, ya ce ya yi live a nan. Shi kuwa leave ya ji. Ya zaci korarsa aka yi. Da asuba ya naɗe tabarmarsa ya fita, ko kuɗin kwana 20 da ya yi bai tambaya ba. Sai daga baya wani ɗan garinmu ya faɗa masa ɗaki aka ba shi. Kafin ya koma an ɗauki wani.

Da ya dawo ya ce mini: "Malam, ashe kalmar nan biyu ce?" Kunya ta rufe ni.

Abin da ya fi ba ni haushi, kunnenmu ya san wannan tun muna yara. Ku faɗi "ya fasa tulu". Ku faɗi "ya fasa tafiya". Na farko gajere ne, na biyu ana jan sa: faasa. Haka dafa tuwo da dafa kafaɗa. Ba Bahaushen da zai ruɗe.

To, Ingilishi ma yana da irinsa. Live gajere ne, lib. Leave a ja shi, liib. Fill, fil, cikawa ne. Feel, fiil, ji a jiki. Slip zamewa ne a santsi, sleep kuwa barci.

Yanzu kafin in shiga Ingilishi, sai na sa aji ya maimaita fasa da faasa sau 10. Wannan ɗalibin shi ke fara faɗi, da ƙarfi, yana kallona.