Hannun Garmaho

Sanyin Bukuru ya hana ni fita jiya, sai na sauko da garmahon mahaifina, na ɗora faifan Ɗan Maraya Jos, wanda a garin nan aka haife shi a 1946. Allura ta yi ta tsalle. Na tuna dabarar Baba, Allah ya jiƙansa: kwabo yake ɗorawa a kan hannun, tsalle ya tsaya. Sai da na girma na gane nauyin kwabon ne ya cinye fayafayenmu, domin allurar zamani wajen giram 2 kawai take so.

Duk wahalar a hannun nan take. Ana so ya bi layin faifai a sake, kuma kada ya yi rawa. Masu tsadar, mutum kan wuni yana awo da murɗe-murɗe kafin su zauna.

Wani Ba'amurke, William Firebaugh na kamfanin Well Tempered, ya bi wata hanya da ta kwanta mini a rai. Ƙwallon golf, irin wadda ake bugawa a filin Rayfield na Jos, ya rataye da zare, ya tsoma ta a kofin ruwan silikon mai kauri, ya soke hannun a jikinta. Babu ƙarfe mai gogar ƙarfe, ruwan ke shanye girgiza. Saitin ma da sauƙi: a gyara zaren har allura ta miƙe.

A ganina irin hannun nan ne ya dace da kuntigin Ɗan Maraya mai tsirkiya ɗaya. Gobe, in Allah ya yarda, zan kai garmahon Baba a sa masa sabuwar allura.